Makulli Mai Jan Zare

Shagon mahaifina bai fi faɗin tabarma biyu ba, a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekara arba'in yana yanka makulli da gyaran kwaɗo, shi ya sa kowa Baba Mai Makulli yake ce masa. Unguwar kuwa kowa a cikinta baƙo ne. Ma'aikatan jirgi suka fara zama, sai na masaƙa, da masaƙar ta rufe sai waɗanda yaƙi ya koro daga ƙasashensu suka cika ɗakunan. A bene ɗaya sai ka ji ana yi wa yara faɗa da yare biyar.

Duk wanda ya sauka sai ya zo Baba ya yanka masa makulli, ya bar ɗaya a wurinsa saboda ɓacin rana. Baba bai iya rubutu ba, don haka zare ko ƙyalle yake ɗaura wa kowanne ya rataya a jikin allo. Sun fi ɗari uku, amma bai taɓa miƙa wa wani na wani ba.

Ni kuwa, 'yarsa tilo, na tsani unguwar. A ofis idan aka tambaye ni inda na tashi, sai in ce "wajen tasha" in yi maza in sauya magana. Na yi ta fama ya dawo gidana, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Mamana, in na tafi, wa zai buɗe wa mutane?"

Ranar Litinin da safe hawan jini ya kayar da shi, aka kwantar da shi a asibiti ba baki. Talata na je shagon da tsintsiya, na karkaɗe makullan nan kaf a buhu na ba mai sayen tsohon ƙarfe. Har wani daɗi nake ji, wai na raba Baba da wahala.

Laraba bakinsa ya buɗe. Da ƙyar ya ce, "Mamana, kin buɗe wa Mai Agogo?"

"Wane Mai Agogo, Baba?"

"Hawa na uku, ɗakin ƙarshe. Mai jan zare ne nasa."

Ashe wani tsoho ne da ya gudo daga yaƙi, ba shi da kowa, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ba ya iya barci sai ƙofa a kulle, don haka Baba ke kulle shi da yamma, ya buɗe masa da safe. Tun yammacin Lahadi ke nan yana ciki.

Ban san yadda na isa benen ba. Na kira wani kafinta da ke ƙasan benen na ce ya kawo guduma. Ya dube ni ya ce, "Haba 'yar Baba, a fasa ƙofa? Ai makullinsa na shago."

Maƙwabta sun riga sun taru a matakala. A gabansu na faɗi abin da na yi. Ba wanda ya zage ni, kuma da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Aka fasa ƙofar, muka sami tsohon a ƙasa kusa da ita, leɓɓansa sun tsage, amma da ransa. Wata mai sayar da yadi ta ɗiga masa ruwa da cokali. Da ya iya magana, cikin 'yar Hausarsa ya ce, "Mai Makulli lafiya? Bai zo ba, na ce ya mutu." Kuka yake yi, kuma don Baba yake yin sa. Ni ko ɗaga kai ban iya yi ba saboda kunya.

Ba wanda ya gaya wa Baba abin da na yi. Bayan kwana biyu mai yadin ta zo asibiti da ƙunshi a ƙyalle. Gida gida ta bi ta tattaro sababbin makullai, kowanne da zarensa, mai jan zaren yana sama. Ta ce, "Baba, mun kawo maka su kusa, kada ka damu."

Na miƙa hannu in karɓa. Ta tsallake hannuna, ta ɗora su a tafin hannun Baba da ya shanye, wanda ko motsi ba ya yi.