Gonar da Tsuntsu Bai Sauka

Duk Pauwa babu wanda bai san Baba Audi ba, don ko ba ka gan shi ba ka ji shi. Tun yana saurayi sana'arshi korar tsuntsaye daga gonar dawa. Gwangwani da tsakuwa, majajjawa, da wata irin murya kamar an taka jaki. Shekara arba'in yana abu guda, har jan-baki in sun taso daga wajen Sheme sai su yi kwana su zagaye gonarshi. Shi kau sai ya bugi ƙirji a majalisa, wai ko kashin tsuntsu bai taɓa faɗa mashi a gona ba.

Sai ga wani kamfani zai shimfiɗa farantan sola a yankin. Kafin su zaɓi fili suka turo wani Maharazu, siriri da littafi da madubin hangen nesa, ya ƙirga abin da ke rayuwa a kowace gona, rani da bazara da damina da kaka. Baba Audi ya ɗauka gasa ce. Duk ranar da Maharazu zai zo, tun da hantsi ya kore komai, har ƙadangaru.

A zuwa na ukku Maharazu ya rufe littafi ya ce, "Baba, gonarka ce ta fi dacewa. Babu wani rai da za a takura. Nan za a sa solar."

"Ni fa? Ba rai ba ne?"

"Babu layin mutane a takardar, Baba."

"To sa ni layin bushiya."

"In dai ban ga tsuntsaye da kaka ba, an gama magana."

Gonar nan ta ubanshi ce, ita kaɗai gare shi. Tsoho ya koma biko. Ya watsa gero, ya aje ruwa a kasko, ya durƙusa tsakiyar kunya yana, "Ku yi haƙuri, ku sauko." Wata kurciya ta leƙo, ta gane hularshi, ta juya. Ya ari zanen matarshi Lauratu ya lulluɓa, sai tari ya tona shi, sama ta yi fayau.

Lauratu ta ce, "Malam, tsuntsayen nan ba mahaukata ba ne. Kai ne matsalar."

Da kaka ta yi, sai ta sa kwaɗo ta kulle shi a ɗaki kwana bakwai, da buta da tabarma. Yana jin kukan jan-baki daga nesa, bakinshi na buɗewa da kanshi zai yi ihu, Lauratu na tura mashi tuwo ta taga yana toshewa da shi.

Tsuntsayen kau suka zo da 'yan uwa da surukai. Maharazu ya yi ta rubutu har biro ya ƙare, ya ari fensir. Dawar kuma suka yi mata tas, dami biyu aka ɗaure.

Aka cire gonar daga taswira, solar ta tahi wani fako can gaba. Sai dai Maharazu ya ce zai riƙa dawowa sau huɗu a shekara ya tabbatar tsuntsayen na nan. Yanzu da an ce yana hanya, Baba Audi da kanshi yake ɗaukar buta ya shige ɗaki, ya miƙo ma Lauratu kwaɗo ta taga.