Kafaɗar da Ke Auna Imani

Karatuna ba shi da yawa. Izu tara na yi a allo, sannan gardin gwamnati ya kama ni ya kai lakwal, makarantar boko, inda na yi shekara biyu ina koyon yi wa nasara ina kwana. Duk da haka, a Gure, a shekarun dubu da ɗari tara da talatin da 'yan kai, babu masanin imanin mutane kamata. Kayan aikina kafaɗar dama ce.

Ni dogo ne, kuma ba na ƙin ɗaukar makara. Malamai sun ce gawar mutumin kirki sauri take yi zuwa kabari, mutanen gari suka ƙara nasu gishirin, suka ce ai ko nauyi ba ta da shi. Wata rana muka kai wani mai sayar da hatsi, wanda in zai shafe bakin tiya sai tafin hannunsa ya bar rami. A hanyar dawowa na murza kafaɗa na ce, "Wannan da rumbunsa ya tafi." Aka yi dariyar da ba ta kamata ba, cikin rawani. Daga ranar na samu sarauta.

Kada mai karatu ya zaci abin ba tsari. Mataki uku na yi wa 'yan Adam. Akwai auduga, su ne bayin Allah. Akwai buhun gero, nan yawancinmu muke, sallah da ɗan gulma. Sai kantun gishiri, irin wanda raƙumi ke kuka in an ɗora masa. Ana idar da jana'iza sai a matso kusa da ni, ana kallon wani wuri, a ce, "Yaya kafaɗa?" Mata kuma, da yake ba sa zuwa maƙabarta, a bakin rijiya suke samun sakamako kafin la'asar.

Tsohon limaminmu ya taɓa tare ni. Ya ce, "Mizani na Allah ne, kai ko tiyar kirki ba ka kai ba."

Na ce, "Allah gafarta malam, ai ni ɗanɗano kawai nake yi kafin a sauke tukunya."

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, maƙabartarmu a bayan tudun rairayi take. Wanda ke gaba lokacin gangara, shi kaya ke zubo wa, ko da waliyyi aka ɗauko. Wanda ke baya kuwa, in dogo ne, ko Fir'auna ya ɗauko zai ce auduga. Na san wannan sarai. In na ga dama in tsaya gaba, in na ga dama in koma baya, gwargwadon yadda mamacin ya saba amsa gaisuwata.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, maginin rijiya. Tare muka tashi, don gwaggon ce ta goye ni bayan rasuwar uwata. Mutum ne da in ya fito daga rami, laka har gira, ba ya tambayar abinci sai ya tambaya ko an yi azahar. Daga nan har Bune babu wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, in ba yana ƙasan rijiya yana neman a ja guga ba.

Yakan ce mini, "Kai bawana, ran da na mutu kada ka taɓa makarata. Ban yarda da kafaɗar da ba ta taɓa ɗaukar fatanya ba."

Ni kuma in ce, "Bawa, kwantar da hankalinka. Kai kantu biyu ne, raƙumi za mu aro."

Gwaggo tana kaɗi a gefe, takan ce, "Ku ci gaba, bakinku zai kama ku."

Ciwon kumburi ya kama shi bayan girbi. Ƙafafu suka fara, sannan ciki, har mutumin da ke shiga rijiya kamar zare a allura ya kasa wucewa ƙofar ɗaki sai a karkace. Ruwa ne ya cika shi. Ya rasu da hantsi.

Na tsaya gaba. Ban yi lissafin tudu ba, wallahi, so nake in zama kusa da kansa. Muna fara gangara nauyin ya zubo mini gaba ɗaya, ƙafata ta nutse cikin rairayi, gwiwata ta kai ƙasa. Nishi ya kuɓuce mini. Ban daɗe ba na miƙe, ƙiftawar ido ne, amma gari duka yana bayana. Ranar babu wanda ya ce mini yaya kafaɗa. Sun riga sun karanta.

Bayan addu'ar uku gwaggo ta kira ni ɗakinta. Tana zaune kan tabarma, abawa da mazari a gefe ba ta taɓa su ba.

Ta ce, "Ɗan ƙanena, yaya nauyinsa?"

"Auduga, gwaggo. Sabuwar gurza."

"To me ya kai gwiwarka ƙasa?"

Na bayyana mata komai. Ruwan da ke jikinsa, gangaren tudu, gaba da baya, har da mai hatsi da yadda na zaɓi wurin tsayawa ran nan. Na ce mata ƙarya ce tun daga tushe, wasa ne ya girma ya fi ƙarfina. Ban taɓa faɗar gaskiya mai yawa haka a zama ɗaya ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka so ka rufa masa asiri. Amma baki yana jin kunyar gwaggo, gwiwa ba ta ji."

Shekara bakwai ina yi wa gari ƙarya suna gaskatawa. Ranar da na faɗi gaskiya, mutum ɗaya nake so ta yarda, ta ƙi.

Daga nan ta shiga neman laifin ɗanta. Gida gida take bi da sanda, tana tambaya ko ya taɓa cin haƙƙin wani. Ta hau jaki har wani ƙauye wajen Gamu, don ta ji rijiyar da ya gina can ta rufta da akuya. Mutanen suka ce sun yafe, ai ma ba laifinsa ba ne. Ta dawo ba ta ji daɗi ba, don in ba akuya ba ce, to wani abu ne da ya fi akuya. Na kawo mata liman da kansa, ya yi mata bayani mai kyau, ya zage ni a gabanta, na gode masa. Ta ce ta ji. Yana fita ta tambaye ni ko ɗanta ya taɓa gaya mini wani abu a ɓoye.

Geronta ta rabar sadaka domin shi, tiya tiya. Abin da matata ke kai mata ma, sai mu gan shi a hannun maƙwabta. Azumi take yi, Litinin da Alhamis da sauran ranakun da ke tsakaninsu. Ba ta ga damina ta biyu ba.

Na so in ƙi ɗaukarta, amma ɗanta ba ya nan, ni ne ɗan. Na sake tsayawa gaba. Muka gangara tudun nan ban ji komai a kafaɗata ba, sai da na waiga in tabbata tana ciki. A hanyar dawowa wani dattijo ya dafa ni, idonsa da ƙwalla, ya ce, "Ba sai ka faɗa ba, mun gani. Baiwar Allah, auduga."

Ban ƙara ɗaukar makara ba. Mutane suka ce kafaɗar ta tsorata da abin da ta gani, suka ƙara girmama ta. Har yau akwai tsofaffin da in an ambaci maginin rijiyan nan sai su ce Allah shi ya san zuciya.

Yanzu haƙora sun tafi, fura kaɗai nake sha, ita ma rabin ludayi. Jikokina da hannu ɗaya suke tayar da ni daga tabarma. Na auna kaina da ma'aunin da na ƙera, kuma ina sanar da jama'a cewa sakamako ya yi kyau ƙwarai. Ko wane ne ya tsaya gaba, gwiwarsa ba za ta taɓa ƙasa ba. Za su dawo suna cewa auduga.