Masarautar da Ta Ci Zauren Bahago

Duk wanda ya saba bin lungun da ya gangara daga Ƙofar Kuyambana ya san tarin Malam Aƙilu kafin ya san fuskarsa. Bahago ake ce masa, don da hagu yake riƙe basilla. Baduku ne, gafakar Alƙur'ani yake ɗinkawa, a zauren da mahaifinsa ya yi wannan sana'a har ya koma ga Allah.

Gidan na gado ne, ba a raba ba. Ƙannensa, Mustapha a kan gaba, sun daɗe suna son a rushe zauren a fitar da shaguna. Kunya kawai ta hana su, kada gari ya ce sun tashi babban wansu daga wurin neman abincinsa. Bahago ya sani sarai, ranar da ya kwashe fatunsa, ranar za a kira magina.

Da maƙwabci ya ta da bene, sai ruwan kwatarsa ya koma gindin bangon zauren. Bango ya yi danshi, fatu suka fara yin fumfuna, wata fara kamar gari, wata koriya. Shi Bahago halitta uku ya sani: mai jini, mai saiwa, da marar rai. Fumfuna ya ajiye ta a kashi na uku, tare da tsatsa da datti. Kowace safiya sai ya ɗaga fata kusa da bakinsa ya hure ta, sannan ya goge da tsumma.

Tari ya kama shi wata damina. Mai kemis ya ce ƙwayar cuta ce, ya ba shi kafso. Ya sha, aka canza masa kafso mai wani launi, ya sake sha, tari yana nan. Aka gwada majinarsa ko tarin fuka ne, ba a ga komai ba. Daga baya 'yarsa Radiya, mai koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata, ta kai shi babban asibiti. Likita ya ce ƙurar fumfuna ce ƙirjinsa ya ƙi, kuma maganin gaskiya shi ne ya bar ɗakin da take.

Washegari Radiya ta same shi a inda ya saba zama, yana yankan fata.

"Baba, ai ba haka muka yi da likita ba."

"Likita ba ya da ƙanne irin nawa. Kuma ni fa ban gane ba, Malama. Datti ne zai kore ni daga zauren ubana?"

"Ba datti ba ce, rai gare ta. Tana ci, tana hayayyafa. Ga shi fatarka take ci."

"To ciyawa ce ke nan."

"Ba ciyawa ba ce, ba ta neman rana. Ba kuma dabba ba ce. Masana sun raba masu rai masarauta-masarauta, ita tata daban. Kafson da ka yi ta sha na yaƙar bakteriya ne, su ma tasu masarautar daban. Ka aika dakaru garin da ba a yaƙi."

Ya ajiye wuƙa. "Masarauta? Wane ne sarkinsu?"

"Sai dai naman kaza, mai tsirowa da damina kamar laima, shi ya fi su rawani."

Dariya ta zo masa, tari ya tare ta a hanya. Sai da ya lafa, ya share ido, ya ce, "Duk abin da Allah ya halitta kun ba shi gida ke nan."

"Ban da bairas. Shi an rasa inda za a sa shi. Bai cika mai rai ba, ba a kuma ce masa marar rai. Ba ya iya komai sai ya samu jikin wani ya raɓe."

"Baffanki Mustapha kike nufi."

"Baba."

"To na bari."

Ta roƙe shi ya koma gidanta da aikin, akwai ɗaki mai iska. Ya dubi kuttun da mahaifinsa yake ajiye basilla, ya dubi bangon da ya yi baƙi har kusa da azara. In ya tashi, zaure ya tafi. In ya zauna, numfashi ne zai tafi. Ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga ƙofa ba.

Abin da ya yi shi ne ya jawo buzunsa zuwa bakin ƙofa. Fatu da kayan aiki suna ciki, don kowa ya ga zauren da mai shi. Shi kuma yana zaune a kan dokin ƙofa, bayansa ciki, fuskarsa waje, da takunkumin da Radiya ta saya masa. Ya daina hure fata, amma duk lokacin da zai ɗauko wata sai ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga da sauri ya fito. Tarin ya ragu, bai tafi ba.

Mustapha yakan biyo ta lungun da la'asar, ya gaishe shi da ladabi, idonsa na auna faɗin bango.

"Yaya, a ciki kake ne ko a waje?"

Bahago bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba. "Masana ma ba su gama yanke hukunci ba."