Wa Ya Taɓa Mini Kwando?

Ina buɗe shagon intanet na Anti Rahila na ga an taɓa mini kwando. Ni dai zuba kaya nake, ba na saye. Lefen mafarkina nake haɗawa a ɓoye.

Jan takalmin da na sa lamba talatin da takwas ya koma talatin da tara, daidai ƙafata. Ga mayafi an ƙara. A littattafan da nake karantawa, haka masoyin ɓoye ke farawa. Amma ɓarawo ma haka yake farawa.

Na goge komai a wayar, na sake shiga, suna nan.

Na kira Yaya Hauwa a Makarfi, ita ke kula da shafin shagon.

"Yaya, an yi mini kutse!"

"Ke, kwando ba a waya yake zaune ba, yana kwamfutarmu. Duk wanda ya shiga da lambar wayar zai gani. Da lambar wa kika buɗe?"

"Ta Umma."

Dariya kawai ta yi.

Tun safe Umma ke kallon ƙafata. Jama'a, in tambaye ta ko in ci gaba da sunkuyar da kai?