Abin da ke Ƙarƙashin Kujerar Tsoho

Na same ta wata Talata da hantsi, ina share mota. Na zura hannu ƙarƙashin kujerar mai zaman banza zan kwaso ƙwallayen dabinon da tsoho ke jefawa. Hannuna ya taɓa safa. Safar na da nauyi.

Ban buɗe ba. Na yi shekara shida cikin 'yan sintirin garinmu, bayan an ƙone mana unguwa na binne mutum uku 'yan gidanmu. Na san nauyin ƙarfe. Ƙaramar bindiga ce. Na mai da ita inda take, na gama sharata.

Tsohon shi ne kafilina, wato shi ya ɗauko ni daga gida, iƙamata, takardar zama a ƙasar, da sunansa take. Yana da rumbun tayil a Birnin Masana'antu na Biyu. Ni direbansa ne. Da safe in ɗauko shi, in sauke shi a rumbu, sannan in wuce aike ni kaɗai: kai samfur, karɓo takarda, ɗauko ma'aikaci daga asibiti. A shekarun nan shingayen bincike sun yi yawa a Riyad. Wata rana in wuce biyu kafin azahar. A leƙo, a ce iƙama, a ce lasisi, a ɗaga hannu. Ashe duk wannan wucewa da nake yi, da ita nake yi.

Tsoro bai kama ni ba a ranar. Tambaya ce ta kama ni. A gida, mai riƙe bindiga ya san abin da ke rufa masa asiri: mai gari ya san shi, ɗan sandan yankin ya san shi, laya na ɗaure a dantsensa. Nan fa? In aka ɗaga kujerar nan ina ciki ni kaɗai, me zai tsaya tsakanina da ɗauri, da tarhil, gidan da ake tara baƙi kafin a kora su gida? Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta. Iƙamar nan ce ke riƙe da su.

Ina da takardu huɗu cikin leda a aljihun mota. Iƙama, lasisin tuƙi, takardar izinin da tsoho ya ba ni in tuƙa motarsa, da inshorar mota. Ba na karanta Larabci, amma na haddace su da launinsu. A raina na ce wataƙila ɗaya cikinsu ta haɗa har da safar. Inshorar nan tsoho ya ce babba ce, komai ta rufe. Na yi kwana goma da wannan zato.

Kowace Juma'a bayan masallaci mukan taru a gidan wani likita ɗan ƙasarmu a unguwar Malaz. Matarsa na yin tuwon shinkafa da miyar kuka. Ni daga unguwar Utaiqa nake zuwa, tare da wani mai walda da muke ɗaki ɗaya, mutum mai baki kamar reza.

Ran nan Likita yana cin tuwo da hannu ɗaya, ɗayan na kan waya, yana tsaki.

Mai walda ya ce, "Likita, ko wayar ce ba ta da lafiya?"

"Ƙanena ne da ke Amurka. Yana da kanti. Ya samu izinin ɗaukar bindiga a ɓoye, ƙarƙashin riga. Yanzu kamfani biyu ya turo min, wai in zaɓar masa."

"Kamfanin harsashi?"

"Kamfanin kariya. Kana biya duk wata. Ranar da ka harbi ɓarawo aka kai ka kotu, su kawo lauya."

Mai walda ya ajiye loma. "Wato tun ba ka yi harbin ba ka ɗauki lauya? Lallai. An yi wa jariri likkafani tun ran suna."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na matso.

Na ce, "Likita, mene ne bambancin biyun?"

Ya dube ni da mamaki, don ba na magana a wurin cin abinci. Ya ce na farko, da an kama ka ka kira su, lauya ya zo a ranar, su ke biya. Na biyu ya fi sauƙin kuɗi, amma kai za ka nemi lauyanka, ka yi shari'arka, in kotu ta wanke ka sannan su mayar maka da abin da ka kashe.

"In ba ta wanke ka ba fa?"

"Ka ji da kanka."

"To na biyun ba kariya ba ce. Barka ce."

Likita ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce zai gaya wa ƙanensa haka, kalma da kalma.

Na ci gaba da tambaya. Wa ke zaɓen lauyan, kai ko su? Ya ce ya danganta, wasu su bar ka ka zaɓa, wasu su turo nasu. In matarka ce ta ɗauki bindigar fa? Ya ce sai in an sa sunanta. In ka shiga da ita wurin da aka hana? Ya ce nan duka biyun za su zame, sharaɗinsu shi ne ka riƙe ta bisa doka.

"To wanda bindigar ba tasa ba, ba shi da izini, amma tana cikin motar da yake tuƙawa?"

Mai walda ya ce, "Sarkin tuƙi, yau kuma alƙali ka koma?"

Likita bai yi dariya ba wannan karon. Ya wanke hannu, ya ce in raka shi ya duba wani abu a motarsa. A ƙasan bene na gaya masa komai, na miƙa masa ledar takarduna. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a tsaye cikin rana.

"Malam, wannan ta ce an yarda ka zauna a ƙasar. Wannan ta ce ka iya tuƙi. Wannan ta ce ba satar motar ka yi ba. Wannan kuwa in ka bugi wani ko aka buge ka. Babu wadda ta san da safa."

"Irin kamfanin ƙanenka, akwai shi nan?"

"Ban taɓa ji ba. Ko da akwai, ba zai karɓe ka ba. Ka ji sharaɗinsu."

Ya yi alkawarin tambayar wani lauya ɗan ƙasa da yake duba mahaifiyarsa, ba tare da ya ambace ni ba. Ran Litinin ya kira ni. Amsar gajera ce. Izinin bindiga mutum yake bi, ba mota ba. In tsoho na zaune a kujerarsa, maganarsa ce. In ya sauka, maganata ce.

Na ce, "In ya rubuta min takarda cewa tasa ce fa?"

"Sai ka zama ka riƙe shaidar cewa ka san tana nan."

Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Na zo ƙasar da komai sai da takarda, ga wuri guda da takarda ke ƙara maka laifi.

Saura hanya biyu. In yi shiru in ci gaba, ko in yi magana. Magana na da tsada. Tsoho ba mugu ba ne, amma ba ya son bawa ko ɗa ya nuna masa abin da ke cikin motarsa. Ya taɓa sallamar wani mai gadi don ya ce masa tayarsa ta suɗe. Ni kuwa yana ji da ni. "Ya waladi" yake kirana, wato ɗana, ni kuma in ce masa "Ammi", wato baffana. Tare muke cin shinkafa a faranti ɗaya in mun je gonarsa ta dabino.

Washegari na sauke shi a ƙofar rumbu. Ya ce in kai samfur arewacin gari. Na kashe mota, na zare makulli, na ɗora a kan kujerarsa.

"Lafiya, ya waladi?"

"Ammi, Allah ya ja kwana. Akwai abu a ƙarƙashin nan. Ba na tafiya da shi ni kaɗai."

Fuskarsa ta canza. "Bincike kake min?"

"Ƙwallon dabino nake kwashewa."

"Da izini nake riƙe da ita. Ta mahaifina ce. Tun kafin a haife ka take bin mu hanyar gona."

"Izininka ne. Ba nawa ba."

Ya buga sandarsa a ƙasa. "In an tsare ka, ka kira ni! Waya ɗaya zan buga, ka fito. Ba ka san ko ni wane ne ba?"

Na gane irin kamfanin nan. Na biyu ne, mai barka.

Na ce, "Ammi, wayarka bayan an kama ni ce. Ran da kake asibiti fa? Ran da kake Makka, waya a kashe? Ni wanda ke zuwa kafin nake so."

Ma'aikata sun daina sauke kaya suna leƙe. Na riga na lissafa a raina abin da zan saka a jaka in ya ce in tafi. Ba shi da yawa.

Ya sunkuya da ƙyar, don gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya ciro safar, ya zura ta a aljihun gefen rigarsa. Ya wuce ciki. Na ɗauki makulli na tafi aike.

Daga ranar haka muka yi. In zai sauka, sai ya sunkuya ya ɗauka. In ya shigo, ya mayar. Sau ɗaya ya manta, ya shige taro da baƙi. Na zauna cikin mota a harabar rumbu tun daga hantsi har aka kira la'asar, ban motsa ta ba, ban taɓa safar ba. Mai jiran samfur ya yi ta kira. Da tsoho ya fito ya gan ni, ya yi zagi da Larabcin da ban sani ba, ya sunkuya ya ɗauka. Bai sake mantawa ba.

Bai sallame ni ba. Bai rage min ko riyal ɗaya ba. Amma bai ƙara ce min "ya waladi" ba. "Direba" na koma. A gona aka fara zuba min nawa a faranti dabam, in ci a inuwar mota. Abin da na biya ke nan, kuma kullum nake biya.

Shekara huɗu na ƙara yi da shi. Na wuce shingen da ban san adadinsa ba. Ko sau ɗaya ba a ɗaga kujerar nan ba. Mai walda ya sha yi min ba'a a kai. "Ka sayar da farantin tsoho a kan binciken da ba a yi ba."

Na tambayi Likita labarin ƙanensa. Ya ce na farkon ya zaɓa, mai tsadar, yana ta biya, bai taɓa harbin ko ɓera ba.

"Yana nadama?"

"Ya ce barci yake saya."

Ban san barcin Amurka ba. Na dai san babbar 'yata ta gama makarantar unguwarzoma a shekarar da na dawo gida, da ƙafata na dawo, da jakata, ta ƙofar da kowa ke fita.

Ranar da zan tafi tsoho ya sa aka kira ni ofis. Ya ba ni kwalin dabinon gonarsa. Ya riƙe hannuna ya ɗan jima. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai faɗi tsohon sunan. Ya ce, "Sabon direban, ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce shi ba ruwansa."

Tsoho ya girgiza kai, ya taɓa aljihun rigarsa. "Zan ci gaba da ɗauka," in ji shi. "Na riga na saba."