Kan Gwangwanin Labib

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Alƙahira zamanin da talabijin ke da tasha biyu tak, ya san Zumrak. A watan azumi, ana gama shan ruwa, tun ba a kwashe kwanuka ba, sai a ji kiɗan nan mai kama da kukan sauro a cikin tulu, yara su yi carko-carko a gaban akwati. Wasan Baƙin Jar Tauraruwa ke nan. Jirgi ne ya bar duniya ya ɓace a sararin sama da mutanensa, a cikinsu har da wani dogon mutum-mutumin ƙarfe, Zumrak, da ba ya dariya, ba ya kuka, sai dai in abu ya ɗaure masa ya karkata kai gefe ya tsaya. Wannan karkata kai yaran gari kaf suka ɗauka. Uwa ta aiki ɗanta sayen burodi ya karkata mata kai, ya sha mari, gobe ma ya sake.

Zumrak kam kowa ya san shi. Amma Labib Banhawi, mutumin da ke cikin ƙarfen, ko mai gadin gidan talabijin sai ya tare shi ya tambaye shi wurin wa ya zo.

Ba haka ya tsara wa kansa ba. Labib ya baro garinsu da akwati ɗaya da fuska mai kyau, irin wadda tsofaffin mata ke tofa wa addu'a a cikin motar haya. Ya yi karatun wasan kwaikwayo, muryarsa tana cika ɗaki ba tare da ya ɗaga ta ba. Da aka kira shi gwaji sai da ya kwana biyu yana gyaran gashin baki. Mai ba da umarni ya dube shi daga sama har ƙasa, ya sa aka kawo magwaji aka auna shi da bango.

"Madalla, Ustaz," in ji shi. "Tsawon nan muke nema. Fuskar kuwa ka bar ta a gida, kada ta yi ƙura."

Wani maƙerin farin ƙarfe a Bulak ne ya haɗa kan da manyan gwangwanayen man shanu, aka shafe shi da fenti ruwan azurfa. Ramuka biyu masu raga a wurin idanu, tsaga ɗaya a wurin baki, sai ƙugiyoyi a ƙeya waɗanda wanda ke ciki ba ya iya kai musu hannu. In aka kunna fitilun ɗaukar hoto, cikinsa tanderu ne. Labib ba ya jin abin da ake faɗa a waje, na waje ba sa jin nasa. Da aka ga muryar ba ta fita, sai aka ɗauko wani ma'aikacin rediyo ya riƙa yi wa Zumrak magana. An raba shi da fuska, an raba shi da murya, sunansa kuma can a ƙarshen jerin sunaye yake fitowa, lokacin da mutane sun riga sun tashi haramar asham.

Tun da ba ya iya buɗe kansa, sai aka haɗa shi da wata yarinya daga ɗakin ɗinki, Ni'imat, gajeruwa mai kaifin baki. Ita ke rufe shi, ita ke buɗe shi. Wata rana ya suma a tsaye, jingine da bangon jirgi, aka yi ta wasa ba wanda ya lura. Daga ranar Ni'imat ta ƙirƙiro dabararta. Duk sanda aka dakata, sai ta taka kujera ta ƙwanƙwasa gwangwanin sau biyu da zobenta, ta kafa baki a tsagar ta ce, "Kana da rai?" Shi kuma da yake gyaɗa kai ba ya yiwuwa a cikin wannan kaya, sai ya karkata shi gefe. Mai ba da umarni ya hango, ya buga tsalle ya ce a sa a wasa. Karkata kan da ƙasa gaba ɗaya ta ɗauka, asalinsa amsa ce ga Ni'imat.

In an tashi, ta ɓalle ƙugiyoyin, ta ɗaga kan, ta share masa fuska da hankici.

"Kai, dafaffiyar kaza," takan ce, "saura kaɗan ka nuna. Sha ruwa."

"Ya Anisa," yakan ce, wato 'yammata a Larabcinsu, "ke kaɗai kika san ina da hanci a garin nan."

"Hancin ma ba wani abin a zo a gani ba ne."

Ba su kai ƙarshen wasan ba sai da aka ɗaura musu aure.

Wasa ya ƙare bayan wasu azumi, kowa ya kama gabansa. Wagdi da ya fito a kyaftin ya zama tauraro, fuskarsa a kowane allon talla, daga baya ya koma tallan sabulu, daga nan sai labarin rasuwarsa. Madam Tahani mai tuƙa jirgi ta auri wani attajiri ta bar ƙasar, ta ce kada a ƙara ambata mata talabijin. Shauƙi, wanda ya yi malamin kimiyya mai farin gashi, ya ƙare a tuƙin tasi, fasinjoji na ce masa ya tashi da su sama a huta da cunkoso. Su dai ko ba komai an san su. Faya-fayan wasan kuwa, da yake a lokacin suna da tsada, goge su aka yi aka ɗauki wasan ƙwallo a kai. Wani mai kujera ya ga abin yara ne, wa zai neme shi? Allah ya isa.

Labib ya yi ta zarya a ofisoshin masu shirya wasa.

"Me ka taɓa yi, Ustaz?"

"Ni ne Zumrak."

"Kai ne na huɗu da ya faɗa mana haka a watan nan. To, karkata mana mu gani."

Ya karkata, su yi dariya har da riƙe ciki, su ba shi shayi, su ce za a neme shi. Ya fito a mai gadi, ya fito a ɗaya daga cikin masu ɗaukar makara, sau ɗaya ma ya fito a gawar kanta, an lulluɓe shi har ka. Da aka haifi 'yarsu Samiha, ya haƙura ya karɓi aiki a wata silima a Shubra, yana haska wa mutane kujerunsu da tocila. A nan ya tsufa, a cikin duhu, yana kallon fuskokin wasu a bango.

Kan gwangwanin an bar masa shi a matsayin sallama. Tsanar da Labib ya yi masa ba ta misaltuwa. Ya kife shi a baranda, ya cika shi da ƙasa, ya shuka na'ana'a.

"Marar godiya," in ji Ni'imat, tana ba shukar ruwa. "Ba don kan nan ba, ina za ka gan ni?"

"Umm Samiha, kan nan shi ya cinye ni ɗanye."

"Ya cinye ka, ni na tsince ka. Miƙo min bokitin."

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, faɗan da ba ya hana cin tuwo. Mu maƙwabta har mun haddace.

Ciwon mantuwa ya shigo wa Ni'imat a hankali. Gishiri a shayi, tukunyar miyar lalo da aka manta a wuta, sunan Samiha da kan ɓace mata ya dawo. Likita ya ce abin ba ya komawa baya. Labib ya ce ba komai, shi zai riƙa tunawa a madadinsu su biyu. Abin da bai shirya wa ba shi ne safiyar da ya shigo ɗaki da wakenta da burodi, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Bawan Allah, lafiya? Haka ake faɗa wa mutane gida? Maigidan ba ya nan."

"Ni'imat, ni ne."

"Hajji, ka ji tsoron Allah da furfurarka. Mijina saurayi ne."

Zuciyarsa ta karye ranar, kuma ba ta sake haɗuwa ba. Duniya ta ƙi sanin fuskar nan ya jure, domin akwai mutum ɗaya da ta san ta. Yanzu ita ma ta bi sahu.

Ba abin da bai gwada ba. Ya nuna mata hoton aurensu, ta rungume hoton ta kore shi. Ya rina gashinsa baƙi ƙirin, ya zaro tsohuwar kwat ɗinsa mai warin maganin asu, ta dube shi ta tuntsire da dariya ta ce, "Hajji, zance za ka? Allah ya ba da sa'a." Daga baya dariyar ma ta ƙare. Ta daina cin abinci. Ta wuni a bakin taga tana leƙen titi, in Samiha ta matsa mata da cokali ta ture.

"Ba zan ci ba sai ya dawo. Sun rufe shi a ciki, ba mai buɗe shi sai ni. Zafi zai kashe shi."

Labib yana zaune a kujerar da ke bayanta yana ji. Tana ramewa a gabansa don jiransa, shi kuma ga shi nan, hannu zai miƙa ya taɓa ta.

Wata Juma'a a tsakiyar bazara, Samiha ta shiga share baranda. Na'ana'ar ta daɗe da bushewa tun da mai ba ta ruwa ta manta da ita. Samiha ta ji mai sayen tsofaffin kaya yana shela a titi, ta zazzage ƙasar, ta ɗauko kan ta ratso falo da shi za ta sauka.

"Ke!"

Muryar Ni'imat ce, amma irin ta da, mai kaifi. Ta miƙe tsaye ba mai riƙe ta.

"Wa ya ce ki taɓa? Haka ake ɗaukarsa, kamar kwandon shara? Za ki lotsa shi su ce ni ce!"

Samiha ta dubi ubanta, ta ga inda idonsa ya tsaya.

"Baba, a'a. Ka san ƙirjinka. Ga zafin nan."

"Ba ni, 'yata."

Ya kai shi banɗaki ya wanke da kansa. Fentin ya kusa ƙarewa, tsatsa ta ci gefen baki, amma ƙugiyoyin suna nan. Ya sunkuya Samiha ta ɗora masa tana hawaye, ta maƙala. Duhu, warin ƙasa da tsohuwar na'ana'a, da numfashinsa yana dawo masa a fuska. Ya lalubi bango ya fito falo, tsoho cikin jallabiyar gida da silifas, da kan gwangwani. Da wani ya gani sai ya yi dariya. Ya zauna a kujera don ya san ba za ta kai tsawonsa ba.

Ta cikin raga ya ga inuwarta tana matsowa. Sai ya ji a saman kansa: ƙwan, ƙwan.

"Kana da rai?"

Ya karkata kai.

"Labib! Kai, Allah ya shirye ka, tun safe nake nemanka!" Ta dafa kafaɗarsa, ta kafa baki a tsagar yadda ta saba, har yana jin ɗumin numfashinta. "Ina ka shige? Ka bar ni da mutanen da ban sani ba. Akwai wani tsoho a gidan nan, ba ya aikin komai sai kallona yana share ido. Ka yi masa magana." Sai kuma ta ce, "A'a, bar shi. Da alama ba shi da kowa."

Samiha ta lallaɓo da kwanon miya da burodi. Ni'imat ta karɓa ba gardama, ta ci tana ba shi labarin ɗakin ɗinki, da rowar Madam Tahani, da yadda Wagdi ke sa auduga a kafaɗar riga. Ta cinye tas, abin da ta yi makonni ba ta yi ba. Sannan ta goge hannu ta ce, "To, an tashi. Zo in fito da kai, dafaffiyar kaza."

Yatsun da ba sa iya ɓalle maɓallin rigarta suka sami ƙugiyoyin ba lalube. Ta ɗaga kan, iska ta bugi fuskarsa. Ta ɗago gefen mayafinta za ta share masa gumi, shi kuma ya rufe ido yana jira.

Hannun bai iso ba.

"Hajji? Kai ne kuma?" Ta ja da baya, ta leƙa cikin gwangwanin, ta leƙa bayan kujera. "Ina ka kai shi? Yanzun nan yana nan. Don Allah ina ka kai min shi?"

Labib ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe, ya karɓi kan daga hannunta a hankali.

"Yi haƙuri, Sitti, ranki ya daɗe. Ruwa ya je sha. Bari in kira miki shi."

Ya shiga kicin, Samiha ta bi shi. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko guntuwar wayar ƙarfe ya miƙa mata.

"In kin maƙala, ki naɗe ƙugiyoyin da wannan. Ki murɗe sosai."

"Baba, ai ba za ta iya buɗewa ba."

"Shi ya sa."

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar, in ka bi ta layinmu ka ɗaga kai za ka hango su ta taga. Tsohuwa tana cin abinci tana zuba surutu, ga dogon mutum mai kan gwangwani zaune a gabanta. In ta kai hannu ƙeya ta ji ya ƙi buɗuwa, Samiha ta ce mata ba a tashi ba tukuna, saura fitowa ɗaya, sai ta yi tsaki ta zagi mai ba da umarni. Kuka yake yi a ciki, Samiha ta sani don ita ke kwance wayar, amma daga waje ba a gani. Can sai Ni'imat ta ajiye cokali, ta miƙa hannu da zobenta ta ƙwanƙwasa.

"Kana da rai?"

Shi kuma ya karkata kai.