Mariƙin Libarbar Surukina

Shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa ganin tafin hannun surukina ba. Ba ƙari na yi ba. Idan na je gaishe shi a Tsafe, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, idona a ƙasa, in jero gaisuwa yana amsawa da "lafiya lau" ɗaya bayan ɗaya har in ƙare in fita. Takalmansa na san su sarai, har wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefe guda. Hannu kuwa bai taɓa miƙo mini ba, ni ma ban isa in miƙa ba. Haka muka taso muka ga ana yi da suruki, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai da maganar bindigarsa ta taso.

Jami'in tsaro ne, lokacin saura wata bakwai ya yi ritaya. Akwai wata libarba da wurin aiki suka damƙa masa tun yana da baƙin gashi, babbar bindigar hannu mai harsashi shida, irin wadda ake kira magnum, wadda idan ta tashi takan doki tafin mai harbin kamar jaki ya yi shuri. An sha ba shi sabuwa marar nauyi yana ƙi. Mariƙinta katako ne ɓari biyu, ɗaya ta kowane gefe, sukuru guda ya haɗe su. Ɓari ɗaya ya tsage, ya naɗe shi da roba. A gwajin harbin da suke yi duk shekara, na baya da ƙyar ya sha, bindigar ta riƙa murɗewa a hannunsa. Aka gaya masa idan bana bai ci ba za a karɓe ta a mayar ma'ajiya, ya ƙarasa watanninsa a kan tebur yana rubuta sunayen masu shiga da fita. Shi kuma abu ɗaya yake so a duniya: ranar da zai ajiye aiki ya miƙa ta da hannunsa, kada a ce an karɓe.

Duk wannan ban ji shi daga bakinsa ba. Shi ya faɗa wa Inna, matarsa, Inna ta faɗa wa matata, matata ta faɗa mini ina tsakiyar cin tuwo a gidanmu na unguwar Damba. Ina da shagon buga takardu a Gusau, kuma nakan yi odar kaya ta waya, saboda haka a wurin danginta babu abin da ban sani ba, daga gyaran rediyo har cike takardar neman aiki. Ta ce mai kula da ma'ajiyar makamai ya yarda a sauya mariƙin, muddin za a mayar da tsohon ranar miƙa bindigar. Sai ta ƙara da cewa, "Baba ya ce kai ne ɗan boko." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da na san abin da ke gaba da ban yi saurin cewa to ba.

Kwana uku na yi ina lalube a waya har idona ya yi ja. Ashe mariƙi ma duniya ce guda. Akwai na roba mai taushi da ke shanye dukan, amma yana ƙara wa bindiga kauri, mai ƙaramin hannu sai yatsansa ya kasa kaiwa ga kunamar bindigar. Akwai na katako mai santsi, ga kyau, amma gumi na zuwa ya fara zamewa. Akwai mai ƙananan zane da ke kama fata, akwai mai gurbin yatsu a jere. Sannan gindin ƙarfen kansa iri biyu ne, mai zagaye da mai kusurwa, idan ka kuskure ko shiga ba zai yi ba. Wannan na warware shi da hoton da aka turo mini. Sai mai sayarwar ya yi tambayar da ta tsayar da ni: yaya girman hannun mai ita? Ya ce a auna daga tsakanin babban yatsa da manuni zuwa bakin manunin.

Na ba matata saƙo, har na zana mata a takarda. Ta kira Inna. Kwana huɗu ina jira, amsa ta iso: "Inna ta ce hannun namiji ne."

Na ce na gode ƙwarai, da ina zaton na akuya ne. Matata ta ɓata rai, ta ce ubanta nake yi wa ba'a. Na ce ba shi nake yi wa ba, hanyar da saƙo ke bi nake yi wa. Tsafe ba ta kai awa ɗaya daga Gusau ba, amma tambaya ɗaya takan ci kwana huɗu ta dawo ba abin da ta ɗauko.

To, a idona surukina ƙaton mutum ne. Muryarsa kaɗai ke cika zaure. Sai na zaɓi mafi girma, na roba mai gurbin yatsu. Sati uku kafin ya iso tasha. Na aika Tsafe ina jin kaina. Bayan kwana biyu ya dawo cikin leda, tare da ƙullin daddawa da saƙon an gode, bai yi ba. Me ya hana shi yi? Ya yi kauri ne, ko ramin sukurun ne bai dace ba? Matata ta sake kira, ta dawo ta ce, "Inna ta ce bai dai yi ba." Na yi odar na biyu, na katako, matsakaici. Shi ma ya dawo, wannan karon da kuka da kuɓewa busasshiya. Na tsaya a tsakar gida riƙe da leda ina faɗa ni kaɗai, na ce in dai kayan miya ake so a tara mini, a faɗa mini kawai in daina wahalar da mutanen tasha.

Saura sati uku gwaji. Wani direba da ya ga ina ta karɓar ƙunshi ina mayarwa ya tambaye ni, na ba shi labari sama-sama. Ya yi dariya ya ce in bar waya in tafi Bungudu, akwai wani tsohon masassaƙi da ke yin ƙotar fartanya da ta gatari, shi ke gyara wa maharba gindin bindigoginsu. Na sa aka aiko mini da tsohon mariƙin, ɓari biyun, na hau mota.

Na same shi ƙarƙashin rumfa, cikin tarin sassaƙe, yana goge wata ƙota da fasasshiyar kwalba. Ya jujjuya ɓarin katakon, ya leƙa cikinsu, ya ce wannan ba wuya. Na zaro takarda da awon da na kwafo daga waya. Ko kallonta bai yi ba.

"Ina mai hannun?"

Na ce yana Tsafe, surukina ne.

"Ni ban sassaƙa ma takarda," in ji shi. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da curin yumɓu ɗanye, ya mulmula shi ya yi tsawon mariƙi, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. "Kai mishi ya damƙa, awa yadda yaka riƙon bindigar. Kar a gyara, kar a taya shi. Abin da hannu yaf faɗi shi nika bi."

Abin ya burge ni, amma har a lokacin hankali bai zo mini ba. Na koma Gusau na ba matata, ta kai wa Inna, ta kwana biyu ta dawo da shi a cikin kwanon sha da murfi. Na sake hawa mota zuwa Bungudu ina riƙe da kwano a cinya kamar mai kai wa majinyaci kunu. Tsohon ya buɗe, ya duba, ya ɗago ya dube ni.

"Wa yad damƙi wanga?"

Na ce surukina mana.

"Surukinka na sa zobe ga yatsan tsakiya? Ga shaidatai nan. Ga farce dogo. Wanga hannun mace na, mai tuƙin tuwo. Malam, in wasa kaka so, ni aiki gare ni."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kunya da haushi suka haɗu suka rufe ni. Wata biyu ina zirga-zirga tsakanin gari uku, shagona a rufe rabin yini, ana mayar da ni abin dariya a tasha, ashe tambayata ko isa wurinsa ba ta yi, a hannun Inna take tsayawa. Na ce ya sake mulmula mini wani curin. Daga Bungudu ban tsaya gida ba, na wuce Gusau ta gefen tasha na kama motar Tsafe, ina ta shirya maganganu a raina, waɗanda na san ko rabinsu ba zan iya faɗa ba.

Bayan la'asar na isa. Yana zaune a zaure kan tabarma, hannunsa na dama cikin riga kamar kullum. Na tuɓe takalmi, na durƙusa inda na saba, na yi gaisuwa. Da ta ƙare, maimakon in tashi, sai na ja gwiwa na matsa har bakin tabarmar. Haushin da na taho da shi duk ya gudu ya bar ni. Na kwance tsumman na ajiye yumɓun a gabansa.

"Baba, ka gafarce ni. Masassaƙin ya ce sai hannunka. Wanda aka kai masa ya ce ba naka ba ne."

Ya dubi yumɓun, ya dubi ƙofar cikin gida inda Inna take. Sannan ya ce, "Ita taƙ ƙi kawo man. Tsoro takai a gani."

Ya zaro hannun. Ƙaramin hannu ne, bai kai nawa ba, ni da na yi masa odar mafi girma. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun sandare a lanƙwashe, ba su miƙewa, ba su rufewa. Na tuna faɗuwar da ya yi a babur shekara biyu baya, da aka ce mana ƙujewa ce kawai. Na zo gaishe shi a lokacin, na durƙusa a nesa, na kalli takalmansa na tafi.

"In sunka gani can wurin aiki, ba sai an kai ga gwaji ba," ya ce. "Yatsa uku nika riƙonta da su."

Ya ɗauki yumɓun ya damƙa. Yatsu uku suka nutse, biyun suka tsaya a sama suna shafar gefe kawai. Curin ya fara sulluɓewa ta ƙasa, ya ce, "Tallabe man." Na sa hannu biyu na tallabi wuyan hannunsa. Na ji ɗuminsa. Sai na ji yatsana yana neman danna masa biyun nan su shiga yumɓun, don dai abin ya yi kyan gani. Ya ce, "Bar su yadda suke." Na bari. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina fiye da yadda na ji na Inna.

Washegari masassaƙin ya buɗe tsumman, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauko guntun icen ƙirya. Kwana biyar ya yi. Abin da ya miƙo mini ya fi kama da saiwar rogo, siriri a sama, da wani ƙullutu a ƙasa daidai inda yatsun nan biyu za su kwanta su sami abin dogara. Ya tsattsaga jikinsa da ƙarfe mai zafi don kada ya yi santsi, ko mai bai shafa ba. Na ce wa tsohon, wannan ai ba shi da kyau ko kaɗan. Ya ce, "Ba ido za ya riƙa shi ba." Wannan karon da ƙafata na kai Tsafe.

Ranar gwaji na kasa buga ko takarda ɗaya daidai. Da yamma matata ta shigo ta ce, "Inna ta ce an gode Allah." Na ce ya ci ko bai ci ba? Ta ce ai abin da aka ce mata ke nan. Na daka tsawa har maƙwabciya ta leƙo, na ce yau ko a wannan gidan ko a wancan sai wani ya ba ni amsa mai kai da ƙafa. Ta sake kira. Ya ci.

Da watannin suka cika aka yi 'yar walima a gidansa. Na durƙusa a wurina na kullum, bayan mutane. Sai na ji ya kira ni, ya ce in matso. Ya zaro wani abu naɗe a hankici, ya buɗe, ɓarin ƙiryar nan biyu ne, gumi ya riga ya baƙanta su.

"Ƙarfen nasu na, na maida musu da hannuna," ya ce. "Wanga naka na."

Da hannun dama ya miƙo, a fili, zaure cike da mutane. Na sa hannu biyu zan karɓa in ja da baya, sai ya kama na daman ya riƙe. Yatsu uku suka matse ni sosai, biyun suna kwance a bayan hannuna, bai ɓoye su ba, bai kuma sake ni da wuri ba.